Sanyin Hannun Mai Awo

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Mai Awo ba ya mantawa, don hannunsa kullum da laima yake, ga sanyi kamar gindin randa. Wasu suka ce gumi ne, wasu suka ce wata lalura ce, kuma duk ba su canka ba. Mutumin dai ba ya iya taɓa abin da yake tausayi sai ya fara tsoma hannu a ruwa. In zai ɗauki ƙwai daga kwando sai ya jiƙa hannu, in zai gyara wa tsiron tumatir zama a bayan ɗaki sai ya jiƙa hannu. Matarsa ta yi mitar har bakinta ya gaji, ta koma rataye masa tsumma a kowane lungu na gidan, shi kuwa ko sau ɗaya bai lura da tsumman ba.

Aikinsa ne ya mayar da shi haka. Ma'aikaci ne a wata cibiyar binciken kifi, kuma tun kansa na baƙi ƙirin har ya yi furfura abu ɗaya yake yi, wato bin 'ya'yan kifi yana auna su. Surukinsa har ya koma ga Mahaliccinsa bai gane kan wannan sana'a ba.

"Wato ka kama, ka auna, ka saki?" tsohon yakan tambaye shi.

"E, Baba."

"Sannan ka dawo wa 'yata hannu rabbana?"

"E, Baba."

"To, Allah ya kyauta."

Ga yadda abin yake. Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse, yakan malala gefe ya kwanta a kwari da ƙarƙashin itatuwa, inda ƙarfin ruwa ba ya kaiwa. Can manyan kifaye ke zuwa su zuba ƙwai, can kuma 'ya'yan ke tasowa cikin ciyawa da bado, nesa da bakin manya, har su yi ƙwarin shiga kogi. Masu ilimin cibiyar suna da dogon sunan da suke rubuta wa irin wannan wuri, amma Mai Awo ɗakin raino yake ce masa. Abin da ake son sani shi ne ko kifin asali, wanda iyaye da kakanni suka sani a kogin, yana nan yana hayayyafa, ko kuwa ya fara ƙarewa ba a ankara ba.

Da sassafe suke fita, shi da abokin aikinsa da ake kira Dogo, a tsohuwar motar cibiya wadda sai ta yi tari kafin ta tashi. Inda hanya ta ƙare su sauka, su sa wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ke kaiwa har ƙirji, su ratsa ciyawa da raga a kafaɗa. Ragar ba irin ta masunta ba ce, idonta ƙanana ne kamar na gidan sauro, da sanda a kowane gefe. Dogo ya kama sanda ɗaya, Mai Awo ya kama ɗaya, su shiga ruwan a hankali don kada su tayar da taɓo. A wannan lokaci tururi yana tashi daga saman ruwan, furen bado bai gama buɗewa ba, sararin sama kuma gaba ɗayansa yana kwance a ƙasa, da gajimarensa da tsuntsayensa. Mai Awo yakan ji kamar a sama yake tafiya, yana jan raga ta cikin gajimare, ba nauyi a jikinsa ba kuma wata damuwa. Sau da yawa sai Dogo ya yi magana yake farkawa.

"Malam, ka dawo duniya, ragar ta karkace."

In suka ɗaga ragar a gaɓa sai ka ga kamar an watsa allurai suna ƙyalli. 'Ya'yan karfasa ne, da na kurungu, da na kawara, wani ko farcen ƙaramin yatsa bai kai ba, jikinsa garai-garai har kana hango zuciyarsa tana bugawa. Su juye su a farar roba mai ruwa. Daga nan Mai Awo ya durƙusa, ya tsoma hannuwansa a ruwan da kifin ya fito, ya bar su har su yi sanyi daidai da ruwan. Ya ɗauki ɗaya, ya kwantar a kan jiƙaƙƙen allon awo, ya faɗi irinsa da tsawonsa, Dogo ya rubuta, shi kuma ya buɗe hannu cikin ruwa ɗan kifin ya sulale.

Jiƙa hannun nan ba camfi ba ne. Ɗan kifi yana da wani santsi a jikinsa, shi ne rigarsa, shi ke tsare shi daga cuta. Busasshen hannu yana tuɓe masa rigar, ɗumin jikin mutum kuwa a wurinsa wuta ne. Za ka sake shi ka ga ya tafi da gudu, ka ɗauka lafiya lau, bayan 'yan kwanaki ya taso ciki sama inda ba mai gani. Dattijon da ya koya wa Mai Awo aikin ya ƙara masa wata doka da ba a rubuta a ko'ina ba. Ya ce, "Da ka fitar da shi daga ruwa, ka riƙe numfashinka. Duk sanda ka ji kana neman iska, shi ya daɗe da neman ruwa. Sake shi." Tun daga ranar Mai Awo bai taɓa riƙe ɗan kifi fiye da numfashi ɗaya ba.

Bai taɓa sanin makomar ko guda ba. Ya dai san yawancinsu ba sa kaiwa kogi, tsuntsu ya ci, babban kifi ya ci, rana ta ƙafar da ruwan wasu. Amma in ya bi ta gaban masu kifi a kasuwa yakan tsaya ya ƙura wa wani ƙaton kurungu ido, yana tunanin ko sun taɓa haɗuwa a wata safiya. Ci kam yana ci, ba waliyyi ba ne, sai dai ba ya son a kawo masa kai.

To, sabo turken wawa. Abin da yake jinƙai a bakin ruwa, da ya biyo shi gida sai ya zama wani abu dabam.

'Ya'yansa maza an haife su ne lokacin da cibiya ta tura shi wani yanki mai nisa, bai zauna da su sosai ba sai da suka yi ƙwari suna dambe da juna. Auta ce kaɗai aka haifa yana gida. Ranar da aka miƙo masa ita, 'yar mitsitsiya cikin tawul, ya duba ya ga jijiyoyi suna nunawa ta fatar goshinta, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya tsoma su a bokitin da ke bakin ƙofa, ya karɓe ta, ya riƙe numfashi. Sanyi ya ratsa yarinya, ta callara ƙara, ta yi jawur. Kafin ya saki numfashin har ya mayar wa uwar. Matan da ke ɗakin suka ƙyalƙyale da dariya, ƙanwar matarsa tana cewa, "Haba Yaya, ai ba tarwaɗa aka haifa maka ba!"

Shi bai yi dariya ba. Abin da ya shiga ransa ya zauna shi ne, busasshen hannunsa wuta ne, jiƙaƙƙen kuma ga abin da ya yi wa yarinyar. To, wane hannu ya rage masa? Daga ranar bai sake ɗaukar ta ba.

Ba don ba ya son ta ba. Son da yake mata har tsoro yake ba shi. Sanda take koyon tafiya yakan bi ta a baya a sunkuye, hannuwansa a buɗe hagu da dama, ba tare da sun taɓa ta ba. In ta faɗi ya kira uwar da ƙarfi, "Zo, zo, ta faɗi!" In zazzaɓi ya kama ta ya wuni a bakin gado yana mata fifita. Duk shekara kuma, in ruwa ya ja baya aiki ya yi sauƙi, ya tsayar da ita a jikin ƙofar ɗaki, ya ɗora allon awo a kanta, ya ja layi da fensir. Allon ne ke taɓa gashinta. Har yau layukan suna nan, suna hawa ƙofar kamar tsani, ya hana a yi mata fenti.

"Baban Auta, yarinyar nan fa ba gishiri ba ce, ba za ta narke ba," matarsa takan ce. "Ɗauke ta mana."

"Hannuna da ƙarni," yakan amsa, ya nemi abin yi a waje.

Hali zanen dutse. Auta ta taso yarinya mai kawaici, ta gaishe shi da ladabi, ta ajiye masa ruwa a gabansa, su yi hirar zafi da ruwan sama kamar maƙwabtan da ke ganin girman juna. Ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, ta auri wani mai gyaran lantarki mai yawan fara'a. Da aka ce tana da ciki Mai Awo ya wuni yana murmushi shi kaɗai a cikin ruwa, har Dogo ya tambaye shi ko kifin ne suka ba shi labari.

Sai dai cikin bai cika ba naƙuda ta zo. Aka haifi mace, bakwaini, aka sa ta a kwalbar ɗumama jarirai.

Ɗakin jariran yana ƙarshen wani dogon baranda a asibitin. Akwai benci a waje, da silifas jere a bakin ƙofa, da wata faffaɗar taga ta gilashi da 'yan'uwa ke leƙawa. Ciki da ɗumi kamar ɗakin toya burodi, na'urori suna ta 'yar ƙararsu a hankali. Kullum da la'asar, in ya tashi aiki, Mai Awo yakan zo ya tsaya a tagar, hannuwansa a baya. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, balle idon da ya ƙare rayuwarsa a kan allon awo. Kallo ɗaya ya san tsawonta. Yana ganin fatar ƙirjinta shara-shara, yana ganin inda zuciyar ke bugawa. In ya daɗe yana kallo sai ya ga kamar kwalbar cike take da ruwa, jaririyar tana shawagi a ciki, hasken fitila yana rawa a kanta kamar yadda rana ke yi a ƙasan ɗakin raino. Kuma duk cikin masu leƙen nan ba wanda ya kai shi sanin abin da ke samun ƙananan halittu kafin su yi ƙwari. Wannan sanin ne ke hana shi cin abinci.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin wata gajeriyar mata ce mai faɗa da tausayi a haɗe. Ita ta ce wa dangi na kusa su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. "Yaran nan suna jin hannu," in ji ta. "Wanda ake taɓawa ya fi saurin kama jiki." Uban jaririyar ya shiga, kakarta ta shiga ta fito tana share ido. Aka ce saura Mai Awo.

"Daga nan ma ina ganin ta," ya ce.

Haka aka yi ta yi, har wata la'asar Auta ta fito ta same shi a barandar. Ta rame, tana tafiya tana dafa bango. Ta zauna a bencin ta nuna masa gefenta, ya zauna ya bar tazara a tsakaninsu kamar yadda ya saba.

"Baba, likita ya ce har yanzu ba su da tabbas."

"Allah zai raya ta."

"Amin. Ina so ka shiga ka taɓa ta."

"Auta, hannun nan nawa..."

"Na san hannunka, Baba. Daga nesa na san shi." Ba ta ɗaga murya ba, idonta yana kan silifas ɗin da ke bakin ƙofa. "Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tun ina ƙarama nake tunanin ko ƙyamata kake yi. Na girma, na haƙura, na daina tambayar kaina. Amma ita wannan ban sani ba ko za ta daɗe har ta jira ka. In ta tafi ba ka taɓa ta ba, ban san yadda zan sake kallon ka ba." Ta miƙe da ƙyar. "In tsayuwa a bayan gilashi ne, ka huta a gida, Baba. Ƙafarka ma ciwo take."

Kalmar ƙyama ta soke shi har ƙashi. Ya bi bayanta da ido har ƙofar ta rufe.

Washegari ruwan ɗakin raino ya fara ja baya. 'Yar hanyar da ta haɗa shi da kogi ta tsuke, 'ya'yan kifi sun yi cincirindo a bakinta, masu rabon fita suna fita. Mai Awo yana awo amma hankalinsa ba ya wurin, har ya kira karfasa da sunan kawara. Dogo ya ajiye fensir ya tambaye shi lafiya, shi kuwa ya gaya masa rabin zancen, ya ce Auta tana so ya taɓa jaririyar.

"To sai me?" in ji Dogo. "Ni in na koma gida yarana hawa kaina suke kamar birai sun ga bishiya. Malam, ka je ka taɓa amaryarka, kada wani ya riga ka."

Mai Awo ya dubi hannuwansa a ƙarƙashin ruwa, sun yi fari sun yi taushi, wani ɗan kurungu ma ya zo ya laɓe a inuwarsu ba tare da tsoro ba. Ya yi ta juya maganar a ransa, ya ƙare a kan cewa ranar da aka haifi Auta gaggawa ya yi. Yau zai yi abin a tsanake, yadda aka koya masa.

Da la'asar ya cire takalmi a bakin ƙofa, aka ba shi koriyar riga ya ɗora a kan tasa. Akwai famfo da sabulu da tawul mai tsabta a ɗan lungun shiga. Ya wanke hannu har gwiwa kamar kowa. Maimakon ya goge, sai ya tara su a ƙarƙashin ruwan sanyi, ya bar su har ya daina jin yatsunsa. Sannan ya tura ƙofar da kafaɗa ya shiga, hannuwansa a gaba suna ɗiga. Auta tana zaune a gefen kwalbar, ta ɗago ta gan shi.

"Kai, kai, Baba! Ina za ka da wannan hannun?" Nas ta tare gabansa, ta taɓa bayan hannunsa ta janye da sauri. "Ƙanƙara! Ka san abin da muke yaƙi da shi a ɗakin nan dare da rana? Sanyi. Sanyi ne ke kayar mana da su. Maza goge, ka ɗumama."

"'Yata, in ya bushe ai ƙona ta zai yi."

Nas ta dube shi kamar mai tunanin ko ɓatan ɗaki ya yi. Auta ta taso a hankali.

"Me ka ce, Baba?"

Ya sunkuyar da kai, ruwa yana ɗiga a kan yatsun ƙafarsa. "Ƙaramin abu ba a taɓa shi da busasshen hannu, illa ake masa. Haka na sani. Ranar da aka haife ki na jiƙa, na ɗauke ki, kika yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Busasshe ba dama, jiƙaƙƙe ba dama. Sai na ga gara in bar ki lafiya."

Auta ta tsaya tana kallon sa. Dariya ta taso mata, kuka ya riga ta fitowa. "Duk shekarun nan?" ta ce. "Baba, ni ba kifi ba ce."

"Haka ƙanwar uwarki ta ce."

Ta ɗauko tawul ɗin ta kama hannunsa na dama. Ya so ya janye, ta riƙe. Ta goge shi yatsa bayan yatsa, tana ganin inda igiyar raga ta tsattsaga fatar, da tsohon tabon ƙayar kurungu a gindin babban yatsa. Ta goge na hagu. Sannan ta haɗa su biyun tsakanin tafukanta tana murzawa a hankali. Hannun nata ƙanana ne, ba su rufe rabin nasa ba, amma ɗuminsu ya hau damtsensa ya wuce har ƙirji. Ya duba fuskarta ya ga ba ta yi jawur ba, ba ta kuma callara ƙara ba.

Nas ta zo ta taɓa, ta ji sun yi ɗumi sarai. Ta dubi Auta, ta dubi tsohon, ta ce, "Da saura," ta tafi duba wata kwalbar.

Da ta dawo ta buɗe 'yar zagayayyar ƙofar da ke gefen kwalbar. Mai Awo ya sunkuya, ya zura hannunsa na dama, kuma ba tare da ya sani ba ya riƙe numfashi. Iskar ciki da ɗumi. Ya kai ƙaramin yatsansa ya ɗora a tafin jaririyar, tafin da bai fi ganyen zogale uku a haɗe ba. Yatsun suka motsa, suka lalubo, suka naɗe a kan nasa.

Ƙirjinsa ya fara neman iska. Dokar da ya bi tsawon rayuwarsa ta ce lokaci ya yi, a saki. Ya ja yatsan kaɗan, jaririyar ta ƙara damƙewa. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idonsa ya cika da ruwa.

"Baba," Auta ta ce a kusa da kunnensa, "yi numfashi."

Ya girgiza kai, ya nuna mata kwalbar da haɓa.

"Na gani, ta riƙe ka. Yi numfashi, ba inda za ka."

Ya saki iskar a hankali, da tsoro, idonsa a kan ɗan ƙirjin nan. Zuciyar tana nan tana bugawa. Ya ja wani numfashin, ya ja wani, na'ura tana ta 'yar ƙararta kamar ɗazu. Bayansa ya fara ciwo saboda sunkuyo, Nas ta turo masa kujera da ƙafa, bai ko gan ta ba. Hannunsa na hagu kuwa yana wurin Auta, ita ma ba ta saki ba.